Tsagewar Bangon Gidan da Zan Saya Ta Hana Ni Barci

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a birnin Kano, malamin makarantar sakandare, ina da mata ɗaya da 'ya'ya 5. Shekara 14 ke nan muna zaman haya, yanzu kuma mai gidan ya ba mu wa'adin wata 3 mu tashi. Da ɗan abin da na tara, da kuɗin gonar gado da na sayar, da kuma kuɗin sarƙar gwal da maiɗakina ta sayar ta ba ni, na sami gida mai ɗaki 3 da falo a wata sabuwar unguwa ta hanyar Gwarzo. Mai sayarwar aminin marigayi mahaifina ne, tun muna yara Baba muke ce masa, ya kuma yi mini sauƙi a farashi. Har na ba da kafin alƙalami naira miliyan 2.

Da na koma na zagaya gidan a tsanake, sai na ga bangon gaba cike da ƙananan tsagewa kamar saƙar gizo-gizo. A baya kuma, jikin ɗakin ƙurya da ke kusa da sokawe, akwai wata tsaga da ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace kamar matakala. Ta fi faɗi daga sama, har biro yana shiga, kuma da alama an taɓa liƙe ta da siminti an yi fenti, ta sake buɗewa. Ƙofar ɗakin tana cijewa. Wani maƙwabci ya raɗa mini cewa wurin a da kududdufi ne aka cike. Dillali ya ce filasta ce kawai, buhun siminti ɗaya ya isa, kuma akwai mai jiran gidan idan na yi sanya. Yayana ya ce babu gidan da ba ya tsagewa a Kano. Maiɗakina ta ce ba za ta kwantar da yara a ɗakin ba. Ni kuwa ina jin kunyar kai injiniya gidan Baba, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba. Yaya zan yi?

Wani magidanci, Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kuma saka wa maiɗakinka da alheri, domin macen da ta cire sarƙar wuyanta don iyalinta su sami matsuguni ta yi abin da ba kowa ke iyawa ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na ga nauyi biyu ne a kanka: tsoron kada gumin shekara 14 ya tafi a banza, da kunyar dattijon da kake ɗauka kamar uba. Zan fara da bangon, domin sai ka san girman abin da ke jikinsa kafin ka san irin maganar da za ka kai wa Baba.

Yayanka yana da gaskiya a kan rabin maganar. Yanayin garin nan yana wahalar da gini: a bazara zafi yakan haura digiri 40, bango ya sha rana yini guda ya huce da dare, da hunturu iska ta busar da komai, sannan damina ta zo ta jiƙa shi. Filastar da aka yi da yashi mai laka, ko aka cika mata siminti, ko aka yi ta cikin iskar hunturu ba a riƙa ba ta ruwa na kwanaki ba, takan bushe da gaggawa ta tsuke, sai ta yi irin wannan saƙar gizo-gizo da ka gani a gaba. Irin wannan a fatar bango take, ba ta kai ga bulo ba. Ka ƙwanƙwasa wurin da bayan makulli. Inda ya yi ƙara kamar ganga, filastar ta saki bulo, za a kankare a sake. Wannan aikin magini ne na kwana ɗaya ko biyu, kuma da ita kaɗai ka gani, da na ce ka sayi gidanka ka yi barcinka.

Tsagar baya ce ta sa na zauna rubuta maka doguwar amsa, domin ta haɗa alamu huɗu da masu aikin gini ba sa wasa da su idan suka taru a wuri ɗaya. Tafiyarta a karkace tana bin gaɓoɓin bulo kamar matakala takan nuna cewa wani sashe na fandisho ya sauka fiye da ɗan'uwansa, bangon da ke kansa ya rasa yadda zai yi sai ya yage a inda ya fi rauni, wato kusurwar taga ko ƙofa. Faɗinta daga sama galibi yana nufin kusurwar ginin ce take nutsewa tana janyewa daga sauran gidan. Cijewar ƙofa tana nuna cewa firam ɗin ya karkace, kuma firam ba ya karkacewa saboda filasta. Alamar da ta fi damuna ita ce ta huɗu, cewa an liƙe ta ta sake buɗewa. Tsagar da ta faru sau ɗaya lokacin da sabon gini yake zama a kan ƙasarsa, idan aka cike ta, shiru za ka ji. Wadda ta yaga sabon siminti ta dawo tana gaya maka cewa abin da ya haddasa ta bai daina ba.

Game da faɗi, akwai ma'aunin da hukumar binciken gine-gine ta Ingila, wadda ake kira BRE, ta fitar, injiniyoyi a ƙasashe da dama suna aiki da shi. A wannan ma'auni, tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba ana ɗaukarta matsalar kyan gani ce, ana cikewa a wuce. Daga milimita 5 zuwa 15 an shiga matakin da ƙofofi da tagogi ke cijewa, ruwa yana iya shiga, gyaran kuma yakan buƙaci a buɗe bangon a sake ɗaure shi. Daga 15 zuwa 25 sai an rushe wani sashe an sake ginawa, abin da ya haura 25 kuwa ana tsoron tsayuwar ginin kansa. Don ka kwatanta, kaurin katin cirar kuɗi bai kai milimita 1 ba, tsinken ashana kamar 2 ne, jikin biro kuma wajen 7 zuwa 8. Idan jikin biron ne yake shiga, ba bakinsa kaɗai ba, to taka ta tsallake matakin da ake cewa filasta ce kawai. Sai dai ka riƙe cewa faɗi shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Ƙaramar tsagar da ke ƙaruwa duk wata ta fi babbar da ta tsaya shekara goma haɗari.

Maganar maƙwabcin nan kada ka yar da ita, kada kuma ka ɗauke ta tabbas kafin ka bincika. Duk wanda ya tashi a Kano ya san asalin kududdufi: rami ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa, damina ta mayar da shi tafki, unguwa ta mayar da shi juji. Da gari ya cika, fili ya yi tsada, an cike da yawa daga cikinsu da shara da ɓaraguzan gini, aka baje jar ƙasa a sama, aka yanka fuloti. Shara tana ruɓewa a hankali tana raguwa, ƙasar da ba a daddaɓe ta hawa-hawa ba tana ci gaba da zama shekara da shekaru, kuma ba ta zama daidai a ko'ina. Mafi muni shi ne gidan da ya faɗo a bakin tsohon ramin, gabansa a kan ƙasa ta asali, bayansa a kan ciko, domin gaban zai tsaya cak, bayan ya yi ta sauka. Abin da ka kwatanta ya yi kama da haka ƙwarai. Ana iya gini a kan ciko idan an tona har an taɓo ƙasa mai ƙarfi, ko an zuba faffaɗan kankare mai rodi a ƙarƙashin gidan gaba ɗaya, amma mai gina ɗaki uku da falo da kuɗin aljihunsa ba kasafai yake yin wannan ba.

Akwai kuma wani dalili mai sauƙi da zai iya zama shi ne, kuma ina fata shi ne. Sokawen da aka haƙa daf da bango, ko bututun banɗaki da ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, ko indararon da ke zubar da ruwan rufi a gindin bango duk damina, kowannensu yana iya jiƙa ƙasar da fandisho ke zaune a kai har ta yi laushi, ko ya riƙa kwashe ta kaɗan-kaɗan. Haka ma babbar bishiya irin darbejiya ko mangwaro idan ta matsi gini, musamman a ƙasa mai yumɓu wadda ke kumbura da damina ta tsuke da rani. Idan matsalar daga nan take, ana ɗauke sokawen a kai shi nesa, a gyara bututu, a yi daɓen kankare a kewaye gindin bango don ruwa ya gudu, sai ginin ya tsaya a gyara tsagar. Bambancin kuɗi tsakanin wannan da matsalar ciko babba ne, kuma ido kaɗai ba zai raba maka su ba.

Kafin ka kashe ko kwabo, akwai abin da za ka iya yi da kanka a yini ɗaya. Ka shiga ɗakin ka duba ko tsagar ta ɓullo ta ciki daidai inda take a waje, ko kuma akwai sabon fenti a wannan wurin kaɗai. Ka duba tayil ko daɓen ɗakin ko ya tsage ko ya rabu da gindin bango, ka zuba ruwa kaɗan a tsakiyar ɗakin ka ga ko zai ruga kusurwar da ake zargi. Ka ɗaura ɗan dutse a igiya ka sako shi daga saman bangon waje, za ka gane ko bangon ya yi ciki ko ya kwanta. Ka dubi linta da ginshiƙai ko akwai jan tsatsa da ke tsattsafowa, domin rodin da ya yi tsatsa yana kumbura ya fasa kankaren da ya lulluɓe shi. Inda filasta ta ɓare, ka karce bulon da ƙusa. Idan yana zuba kamar gari, an yi masa rowar siminti. Ka kalli gindin bango ko kanwa ta ci shi, ko akwai layin da ruwa ya taɓa kwanciya. Bayan nan ka fita ka kalli katangu da bangayen maƙwabta na wannan layin. Idan su ma sun tsage ta fuska ɗaya, to ƙasar unguwar ce take magana. Ka je ka gaida mai unguwa da dattawan da suka riga kowa zama, ka tambaye su abin da ke wurin kafin a yi gini, da inda ruwa yake kwanciya a watan Agusta.

Duk wannan share fage ne. Hukuncin na injiniyan gine-gine ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, kuma kana da damar neman lambar rajistarsa. Ba na raina magini, da yawansu sun san aiki, amma magini ya saba da rufe tsaga, kai kuwa dalilinta kake nema. Kai za ka nemo injiniyan, kai za ka biya shi, kada ya zama wanda dillali ya kawo. Ka roƙi a tona ɗan rami a gefen fandishon kusurwar da ta tsage, a ga zurfinsa da faɗinsa da irin ƙasar da yake kai. Idan shebur ya fara fito da leda da tsumma da baƙar ƙasa mai wari, an gama gardama a kan kududdufi. Ka nemi ya rubuta maka rahoto da sa hannunsa: mene ne dalili, ginin yana motsi har yanzu ko ya tsaya, wane gyara ake buƙata, nawa zai ci. Abin da za ka biya shi ba zai kai komai ba idan aka gwada da miliyoyin da kake shirin miƙawa. Tun yau kuma ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar sama da ƙasa, ka rubuta kwanan wata, ka auna faɗinta a wuri biyu ko uku, ka ɗauki hoto da ruler a jikinta, ka kuma manna ɗan siririn siminti a kanta kamar gada. Idan ya tsage cikin makonni, bangon yana tafiya. Idan bai tsage ba, kada ka saki jiki gaba ɗaya, domin wasu gine-ginen sai damina ta sauka ko ta ɗauke suke motsawa. Tunda kana kan bincike, ka tambayi ko ginin yana da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ka kuma sa a duba takardun filin a KANGIS, ofishin da ke adana bayanan filaye na jihar, don kada a ce wurin hanyar ruwa ce.

Yanzu ga maganar Baba. Ban ga dalilin da zai sa ka zarge shi ba. Mai yiwuwa ne shi ma magini ya ce masa filasta ce, ya biya aka liƙe, ya ɗauka an gama. Sauƙin da ya yi maka kuma yana iya zama tsantsar zumunci da mahaifinka. Amma ka duba wannan da kyau: idan ka yi shiru saboda kunya ka biya, bayan damina biyu ɗakin ya buɗe, zumuncin da kake karewa shi ne zai fara rushewa. Za ka riƙa ganinsa da abu a ranka, maiɗakinka za ta riƙa tuna sarƙarta, shi kuma zai ji zafin cewa ɗan amininsa ya cutu ta hannunsa. Binciken da za a yi yau kariya ne gare ku duka biyun.

Addini ma yana bayanka. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa mai saye da mai sayarwa, idan suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, idan kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe albarkar. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan wannan mas'ala taka da sunanta: a cikin Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan garin nan, an kawo tsagewar bango a matsayin misalin aibin gida, aka bambanta wadda ba a jin tsoron faɗuwar gida saboda ita, inda mai saye zai karɓi ragin kuɗi gwargwadon aibin, da babban aibin da ke sa a mayar da gida. Sai dai wannan haƙƙi na wanda ya gano aibi bayan ciniki ne. Wanda ya gani da idonsa kafin ya biya, ya kuma yarda ya biya, ya sarayar da shi. Kai ka riga ka gani, saboda haka lokacin maganarka yanzu ne, kafin a rubuta takarda.

Kada ka aika dillali, kada kuma ka yi ta waya. Ka ɗauki yayanka ko wani kawunku da Baba yake jin nauyinsa, ku je gida bayan la'asar, ku gaisa yadda ya kamata. Ka fara da godiya a kan sauƙin da ya yi maka, sannan ka ce: "Baba, kuɗin nan har da na iyalina a ciki, amana ce a hannuna. Na ga wata tsaga a ɗakin baya, hankalin maiɗakina bai kwanta ba. Ina neman izininka in kawo mai ilimin abin ya duba mana, in ya so kowa ya huta." Dattijon kirki ba zai ƙi wannan ba, wataƙila ma ya gaya maka tarihin filin da bakinsa. Idan kuwa aka hana ka dubawa, ko aka ce sai dai ka biya tukuna, to wannan hanin ya isa ya sa ka dakata.

Dillali kuwa la'adarsa tana rataye ne da kammaluwar ciniki, don haka ka saurare shi da ladabi, amma kada ka ɗauki maganarsa a matsayin shaida a kan lafiyar gini. Mai jiran gidan da ya ambata, ko da gaske ne, shi ma tsagar nan zai tarar.

Maiɗakinka tana da haƙƙi a wannan shawara fiye da kowa bayan kai, kuma tsoronta yana kan hanya. Ka nuna mata rahoton injiniya idan ya fito, ka karanta mata shi, ku yanke tare. Ina kuma ba ka shawara, ko wannan gidan kuka saya ko wani, ku rubuta a gaban shaidu ko kuɗin sarƙar rance ne, ko kyauta, ko kaso ne a cikin gidan, domin irin wannan rubutu yana kashe rigimar gado tun kafin a haife ta.

Idan rahoto ya nuna sokawe ne ko bututu, fandisho kuma yana kan ƙasa mai kyau, ka sayi gidan, amma a cire kuɗin gyara daga farashi bisa ƙiyasin injiniya, ko Baba ya gyara ƙarƙashin kulawar injiniyan, ka riƙe wani kaso na kuɗin har a gama, a kuma rubuta haka cikin yarjejeniya. A fara da kawar da ruwan, a bar ginin ya nuna ya tsaya, sannan a rufe tsagar. Idan ya nuna kusurwa ɗaya ce ke kan ciko marar zurfi, ana iya tallafar fandishon ta ƙasa, a riƙa tonawa gaɓa-gaɓa ana zuba kankare har a kai ƙasa mai ƙarfi. Aiki ne mai tsada da ke buƙatar ƙwararre a tsaye, kuma ban ga hikimar malamin makaranta da ya zazzage duk abin da ya mallaka ya ɗauke shi ba, sai idan ragin da aka yi masa ya rufe kuɗin har da rara. Idan kuwa ya nuna ciko ne mai zurfi kuma ginin yana ci gaba da sauka, ra'ayina shi ne ka janye, komai arhar gidan. Ka nemi kafin alƙalaminka cikin mutunci ta hannun dattijon da ya raka ka; a mazhabarmu ba a yarda mai sayarwa ya riƙe irin wannan kuɗi don ciniki ya fasa ba, idan kuma kun sa hannu a wata takarda, ka nuna wa lauya ita tun yanzu.

Na san wa'adin wata 3 shi ne yake tura ka, kuma gaggawar da yake sa ka ita ce ta fi komai haɗari a wannan ciniki. Ka je wurin mai gidan hayarku a makon nan, ka gaya masa halin da ake ciki, ka roƙi ƙarin wata biyu ko uku ko da za ka biya. Idan bai yiwu ba, ka kama hayar shekara guda a wani wuri, kuɗinka yana ajiye, ka ci gaba da nema a tsanake. Ka yi istihara, ka kira injiniya kafin Juma'a mai zuwa, kuma idan har dalili ya sa kuka tare kafin a gama bincike, kada kowa ya kwana a ɗakin ƙuryar nan sai injiniyan ya ce babu komai. Idan rahoton ya fito, ka aiko mini da abin da ya ƙunsa mu sake dubawa tare. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.